Aikin jinya a sashen kulawa ta musamman

Aikin jinya a sashen kulawa ta musamman reshe ne na aikin jinya da ya shafi kula da marasa lafiyar da rayuwarsu ke cikin haɗari, wato waɗanda huhunsu, zuciyarsu, ƙodarsu ko ƙwaƙwalwarsu ta gaza aiki ko take gab da gazawa. Ana yin sa ne a wani keɓaɓɓen sashe na asibiti mai gadaje kaɗan, na'urori masu yawa, da ma'aikatan da ba sa barin gefen mara lafiya dare da rana. Mafi girman irin waɗannan sassa suna asibitocin koyarwa ne, wato asibitocin da ke haɗe da jami'a, inda ake horas da likitoci da ma'aikatan jinya, ake kuma gudanar da bincike.

Aikin yana da nauyi, kuma ana yawan ganin mutuwa a cikinsa. Duk da haka, ma'aikatan jinya da suka yi shekaru a wasu sassa sukan nemi a mayar da su can, wasu kuma sukan zauna a sashen har ƙarshen aikinsu. Babban dalili shi ne, a nan ne gogewar ma'aikacin jinya ta fi yin tasiri: yana riƙe da mutum ɗaya ko biyu kacal, ya san halin da suke ciki ciki da waje, kuma ana sauraron maganarsa idan za a yanke shawara. Idan waɗannan sharuɗɗa suka lalace, sashen yakan rasa ƙwararrunsa da sauri.

Suna

A Turance ana taƙaita sunan sashen da ICU, kuma ma'aikatan asibiti a Najeriya sukan kira shi haka ko da Hausa suke magana. Kafafen yaɗa labarai na Hausa kan ce sashen kulawa ta musamman, wani lokaci kuma su ce sashen gobe-da-nisa, saboda wanda aka kwantar a can ba a da tabbacin zai kai gobe. Ana kiran ma'aikacin jinya nas, kalmar da aka aro daga Turanci, jam'inta kuma nas-nas. Kalmar majinyaci tana da harshen damo, domin wasu na nufin mara lafiya da ita, wasu kuma mai kula da shi, shi ya sa a wannan maƙala aka yi amfani da mara lafiya da ma'aikacin jinya.

Tarihi

Tunanin tara marasa lafiyar da suka fi jin jiki a wuri ɗaya ya daɗe. A lokacin Yaƙin Kirimiya, wanda aka yi daga 1853 zuwa 1856, Florence Nightingale ta riƙa matso da sojojin da suka fi jikkata kusa da wurin zaman ma'aikatan jinya domin a riƙa sa musu ido. A shekarun 1920, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Walter Dandy ya ware ɗaki mai gadaje 3 a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, inda ma'aikatan jinya da aka horas suke kula da waɗanda aka yi wa tiyata.

Sashen a siffarsa ta yau ya samo asali ne daga annobar shan inna da ta afka wa birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak a shekarar 1952. Cutar ta riƙa shanye tsokar numfashi, asibitin Blegdam kuma ba shi da isassun na'urori. Daga cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 sun mutu. Wani likitan sa barci a tiyata mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu, sannan a riƙa tura iska cikin huhu ta hanyar matsa jakar roba da hannu. An fara gwada dabarar a kan wata yarinya 'yar shekara 12 a watan Agusta na wannan shekara, kuma ta rayu. Daga nan aka ɗauki ɗalibai kimanin 1,500 suna karɓa-karɓa wajen matsa jakar ba dare ba rana, ma'aikatan jinya kuma suna tsotse majina, suna juya marasa lafiya, suna ciyar da su. Yawan mutuwa ya sauko daga sama da kashi 80 cikin 100 zuwa kusan kashi 40. A watan Disamba na 1953 Ibsen ya buɗe sashe na dindindin a asibitin birnin, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin sashen kulawa ta musamman na farko a duniya. A 1958 Peter Safar ya buɗe irinsa a Baltimore.

Matsayin ma'aikacin jinya ya sauya sosai a farkon shekarun 1960, lokacin da aka fara buɗe sassan kula da masu ciwon zuciya. A asibitin Presbyterian da ke Filadelfiya, likita Lawrence Meltzer da ma'aikaciyar jinya Rose Pinneo sun horas da ma'aikatan jinya su karanta zanen bugun zuciya a allo, su kuma yi amfani da na'urar farfaɗo da zuciya da lantarki tun kafin likita ya iso. Dalili a fili yake: idan zuciya ta rikice, mintuna kaɗan ne tsakanin rai da mutuwa, kuma ma'aikacin jinya ne yake wurin. A 1969 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan jinyar masu ciwon zuciya a Amurka, wadda a 1971 ta faɗaɗa ta zama ƙungiyar ma'aikatan jinyar kulawa ta musamman, AACN. Ƙungiyar ta fara ba da takardar shaidar ƙwarewa a 1976. A 2001 kuma aka kafa tarayyar irin waɗannan ƙungiyoyi ta duniya a birnin Sydney na Ostireliya.

Yadda aikin yake

Ana raba aikin zuwa safe, yamma da dare, ko kuma zuwa kashi biyu na awa 12. Mai tashi yakan miƙa wa mai karɓa mara lafiya a bakin gado, ya bi jikinsa gaɓa-gaɓa: numfashi, zuciya, ƙwaƙwalwa, ƙoda, ciki da fata, sannan magungunan da ake ba shi da sakamakon gwaje-gwaje.

Kowace awa, ko ƙasa da haka idan jiki ya tsananta, ana rubuta bugun zuciya, ƙarfin gudun jini, yawan numfashi, adadin iskar oksijin a jini da yawan fitsari. Fitsari yana nuna ko jini na isa ƙoda. Ga babban mutum ana son ya kai aƙalla rabin mililita a kan kowane kilo na nauyinsa a awa ɗaya, wato kimanin mililita 30 ga mai kilo 60. Ana auna farkawar mara lafiya da ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka wallafa a 1974. Makinsa yana farawa daga 3, ga wanda ya yi doguwar suma, zuwa 15, ga wanda yake cikin hayyacinsa.

Ga wanda aka sa wa na'urar taimaka wa numfashi, ma'aikacin jinya ne ke tsotse majina daga bututu, yake wanke baki, yake ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45 don rage haɗarin ciwon huhu. Shi ne kuma ke daidaita ƙananan na'urorin da ke tura magani cikin jijiya a hankali. Wasu magungunan, kamar noradirenalin da ke ɗaga jinin da ya faɗi, ana ƙara su ko rage su ne gwargwadon abin da allo ya nuna, a cikin iyakar da likita ya rubuta. Bayan wannan akwai ciyarwa ta bututun hanci, juya mara lafiya don kada ya yi gyambon kwanciya, wanka, kula da raunuka, da lura da na'urar wankin ƙoda idan an haɗa ta. Akwai kuma dangi, waɗanda galibi ma'aikacin jinya suke fara tambaya yadda jikin ya kwana.

Bambancin asibitin koyarwa

Asibitin koyarwa yana saman tsarin tura marasa lafiya. Ciwon da ya gagari ƙananan asibitoci da manyan asibitocin gari, can ake kai shi. A can ne aka fi yin manyan ayyuka irin su tiyatar zuciya, tiyatar ƙwaƙwalwa da dashen ƙoda, kuma duk waɗannan suna buƙatar gado a sashen kulawa ta musamman bayan an fito daga ɗakin tiyata. Babban asibitin koyarwa kan raba sashen gida-gida: na manya, na yara, na jarirai sabbin haihuwa, na zuciya, na ƙwaƙwalwa da na masu ƙuna.

Wani bambancin shi ne yawan masu neman sani. Akwai likitoci masu neman ƙwarewa da ke kwana a asibiti, akwai ɗaliban likitanci da na jinya, akwai masana magunguna, masu gashin ƙashi da motsa jiki, da masana abinci. Kowace safiya sukan zagaya gado-gado tare da babban likita, ana tattauna kowane mara lafiya a fili, ana tambaya, ana ba da hujja.

Dalilan da ke jan gogaggun ma'aikata

Kulawa mai zurfi ga mutum ɗaya ko biyu

A ɗakin kwanciya na gama-gari, ma'aikacin jinya ɗaya kan riƙe mutane da yawa, kuma a ƙasashe masu ƙarancin ma'aikata adadin kan wuce goma, musamman da dare. Rabon magani da cike takardu sukan cinye lokacin, har ya tashi bai yi wa kowa abin da ya san ya kamata ba. A sashen kulawa ta musamman lissafin daban ne. Ƙa'idar Birtaniya ita ce ma'aikaci ɗaya ga mara lafiya ɗaya idan yana kan na'urar numfashi, ɗaya ga biyu idan jikin bai kai haka ba. Dokar jihar Kalifoniya a Amurka ta hana a ba ma'aikaci ɗaya fiye da mutum 2 a wannan sashe.

An yi bincike a kan muhimmancin wannan lissafi. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun wallafa sakamakon nazarin da suka yi a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania, a kan waɗanda aka yi wa tiyata. Sun gano cewa duk mutum ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin 100 na yiwuwar mutuwa cikin kwana 30, da ƙarin kashi 23 na yiwuwar ma'aikacin ya ƙosa da aikin. Nazarin bai taƙaita ga sashen kulawa ta musamman ba, amma ya nuna abin da ya sa wanda ya gaji da yin aiki rabi-rabi yake neman inda zai yi shi cikakke.

Wurin da gogewa ke aiki

A littafinta From Novice to Expert na 1984, Patricia Benner ta bayyana matakai biyar da ma'aikacin jinya ke bi, daga ɗan koyo zuwa gwani. Ɗan koyo yana bin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowace lamba ita kaɗai. Gwani kuwa yana ganin hoton gaba ɗaya, saboda ya ga ɗaruruwan masu irin wannan ciwo. Zai iya lura cewa bugun zuciya ya ɗan ƙaru, fitsari ya ragu awa biyu a jere, ƙafafu sun yi sanyi, mara lafiya ya fara rashin natsuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai sa na'ura ta yi ƙara, amma haɗuwarsu na iya nufin zubar jini a ciki ko shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Idan ya kira likita a lokacin, ana iya samun sa'o'in da za su ceci rai.

Irin wannan ido ba a samun sa sai da shekaru, kuma yana buƙatar a zauna kusa da mara lafiya. Sashen kulawa ta musamman yana ba da wannan dama, yana kuma nuna sakamako nan take: an ƙara ruwa ko an gyara magani, cikin mintuna za a ga ko jini ya tashi.

Faɗa-a-ji a cikin tawaga

A farkon shekarun 1980 Amurka ta yi fama da ƙarancin ma'aikatan jinya, amma an lura wasu asibitoci ba sa rasa nasu. Cibiyar masana aikin jinya ta ƙasar ta yi nazari, ta fitar da rahoto a 1983 a kan asibitoci 41 da aka yi wa laƙabi da mayen ƙarfe saboda yadda suke jan ma'aikata. Abubuwan da suka yi tarayya a kai sun haɗa da ba ma'aikacin jinya 'yancin yanke shawara a fagensa, kyakkyawar dangantaka da likitoci, shugabanci mai sauraro, da damar ƙaro ilimi. Daga baya aka mayar da wannan tsarin tantancewa mai suna Magnet, kuma asibitin farko da ya samu shaidar a 1994 asibitin koyarwa ne, na Jami'ar Washington da ke Seattle.

Misali na yadda maganar ma'aikacin jinya ke ceton rai ya fito daga asibitin Johns Hopkins. A 2001 likita Peter Pronovost ya tsara jerin matakai da za a bi wajen sa bututu a babbar jijiya, domin ƙwayoyin cuta kan bi ta nan su shiga jini. Matakan sanannu ne: wanke hannu, sa cikakkiyar rigar kariya da rufe mara lafiya, goge fata da maganin kashe ƙwayoyi na kulohekzidin, guje wa jijiyar matsematsi, da cire bututun da zarar ba a buƙatarsa. Sabon abin shi ne an ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita, komai girmansa, idan ya tsallake mataki. Da aka faɗaɗa tsarin zuwa sassa 103 a jihar Mishigan, rahoton da aka wallafa a 2006 ya nuna irin wannan kamuwa ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, kuma raguwar ta ɗore har wata 18.

A asibitin koyarwa akwai wani dalili da ke ƙara wa ma'aikacin jinya daraja. Likitoci masu neman ƙwarewa suna zuwa ne su yi 'yan watanni su wuce wani sashe, ma'aikatan jinya kuwa suna nan shekara da shekaru. Su ne suka san tarihin sashen, halin kowace na'ura da kurakuran da aka taɓa yi. Sabon likita mai hankali yakan tambaye su kafin ya taɓa wani abu.

Ci gaba da koyo

Wanda ya yi shekara goma a ɗaki ɗaya yana iya jin cewa ya daina ƙaruwa. A sashen kulawa ta musamman na asibitin koyarwa, ilimin yana sauyawa kullum, domin a nan ake fara gwada sabbin na'urori da hanyoyin magani, ake kuma yin bita da laccoci. Ma'aikatan jinya suna cikin binciken kansa. A 2013 aka wallafa wani gwaji da Claude Guérin ya jagoranta a asibitocin Faransa da Sifaniya, a kan kwantar da masu tsananin ciwon huhu rub-da-ciki na aƙalla awa 16 a jere. Cikin kwana 28, kashi 16 cikin 100 na waɗanda aka kifa ne suka mutu, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 33. Kifa mutumin da ke da bututu a maƙogwaro da layuka a jijiya aiki ne na mutane da yawa, kuma ma'aikatan jinya ne ginshiƙinsa. Da annobar korona ta zo a 2020, sassan da suka riga suka iya wannan dabara su ne suka koya wa sauran.

Koyar da na baya

Asibitin koyarwa yana karɓar ɗalibai da sabbin ma'aikata kowace shekara. Ana haɗa sabon shiga da gogagge na tsawon makonni ko watanni kafin a bar shi shi kaɗai da mara lafiya. Ga wanda ya tara sani, wannan hanya ce ta barin abin da zai amfani mutane bayan ya yi ritaya, kuma daga nan wasu ke zama malamai a makarantun jinya.

Hanyoyin ci gaba a aiki

Gogewa a wannan sashe tana buɗe ƙofofi. A Amurka, ba a ɗaukar ma'aikacin jinya a karatun sa barci a tiyata sai ya yi aƙalla shekara ɗaya a kulawa ta musamman. A Birtaniya akwai tawagogin gogaggun ma'aikatan sashen da ke zagaya sauran ɗakuna suna duba waɗanda jikinsu ya fara rikicewa. Akwai kuma aikin jigilar marasa lafiya ta mota ko jirgi, aikin tsara dashen sassan jiki, bincike da shugabanci. Albashi shi kaɗai bai cika zama dalili ba, domin a asibitocin gwamnati na ƙasashe da dama matakin ma'aikaci ne ke yanke abin da zai karɓa, ko a wane ɗaki yake aiki.

Ƙalubale

Kusancin da ke sa aikin ya yi ma'ana shi ne kuma ke sa ya yi ciwo. Ma'aikacin da ya yi mako biyu a kan mutum ɗaya, ya san matarsa da 'ya'yansa, shi ne zai kashe na'urori ya rufe masa ido idan rai ya yi halinsa, sannan ya gyara gadon don mai zuwa. A 1984 masanin falsafa Andrew Jameton ya bayyana wata damuwa da ke addabar ma'aikatan jinya, wadda ke tasowa idan mutum ya san abin da ya dace amma tsarin wurin aiki ya hana shi yi. A wannan sashe takan zo ne idan ana ci gaba da magani mai wahalarwa ga wanda ba a sa ran zai tashi, ko kuma idan babu gado ga wanda ake ganin zai iya rayuwa.

Wani nazari da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2007, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan jinyar wannan sashe suna da alamun matsananciyar gajiya da ƙosawa. Saɓani da abokan aiki da yawan halartar mutuwa suna cikin abubuwan da aka danganta da ita. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. Bayan wannan akwai aikin dare da ke rikita barci, ciwon baya daga ɗaga mutane, ƙarar na'urori da ba ta yankewa, da haɗarin kamuwa da cuta.

Annobar korona ta nuna abin da ke faruwa idan lissafin ya karye. A ƙasashe da yawa an sassauta ƙa'idar mutum ɗaya ga ma'aikaci ɗaya, ƙwararre guda ya koma sa ido a kan gadaje da dama tare da mataimakan da aka aro daga wasu sassa. An iya sayen gadaje da na'urori cikin makonni, amma ba a iya samar da gogaggun ma'aikata da wannan sauri ba. Bayan annobar, asibitoci a ƙasashe da dama sun yi kukan ficewar ma'aikatan sashen.

A Najeriya

A Najeriya, yawancin sassan kulawa ta musamman na gwamnati suna asibitocin koyarwa ne da manyan cibiyoyin lafiya na tarayya. Asibitin koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, shi ne na farko a ƙasar, na Legas kuma ya biyo baya a 1962. A asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a ƙasar a 1974. A Arewa akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, da na Maiduguri, Jos da Sakkwato, da wasunsu. Saboda haka ma'aikacin jinya da ke son wannan fanni ba shi da zaɓi mai yawa a wajen waɗannan asibitoci, in ban da wasu asibitocin kuɗi a manyan birane.

Waɗanda aka fi kwantarwa sun haɗa da masu fitowa daga babbar tiyata, masu rauni a ka daga haɗarin mota ko babur, mata masu jijjiga ko zubar jini wajen haihuwa, masu ƙuna, da waɗanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu. Da yawansu matasa ne da ba su da wani tsohon ciwo, waɗanda idan suka tsallake 'yan kwanakin farko za su iya komawa gida su ci gaba da rayuwarsu.

Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke ba da lasisi, ita ce kuma ke tantance makarantun ƙarin ƙwarewa da ma'aikaci ke shiga bayan karatunsa na farko. Kulawa ta musamman tana cikin fannonin da ake koyarwa a irin waɗannan makarantu, waɗanda galibinsu ke cikin asibitocin koyarwa. Albashin ma'aikatan asibitocin tarayya yana bin tsarin CONHESS, wanda ke tafiya da mataki.

Matsalolin sanannu ne: gadaje kaɗan, ɗaukewar wutar lantarki, ƙarancin iskar oksijin, na'urorin da suka lalace babu mai gyara, da kuɗin jinya da galibi dangi ke biya daga aljihunsu. Idan wuta ta ɗauke kuma batirin na'ura ya ƙare kafin janareto ya tashi, ma'aikacin jinya yakan koma matsa jakar numfashi da hannu, kamar yadda aka yi a Kopenhagen a 1952. Akwai kuma ficewa zuwa ƙasashen waje. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan hukumar ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, kuma masu ƙwarewa a kulawa ta musamman suna cikin waɗanda asibitocin waje ke nema.

Riƙe ƙwararru

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa akwai ma'aikatan jinya miliyan 27.9 a duniya, da giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A watan Mayu na 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri da ke kira ga ƙasashe su ƙarfafa kulawar gaggawa, kulawa ta musamman da tiyata a cikin tsarin lafiyarsu.

Matakan da asibitoci ke ɗauka don riƙe gogaggun ma'aikata suna komawa ne ga abubuwan da suka jawo su tun farko. Sun haɗa da kiyaye adadin marasa lafiya ga kowane ma'aikaci, sa ma'aikacin jinya cikin zagayen safe da tattaunawa da dangi, ba da hutun ƙaro karatu, tsara jadawalin da zai bar mutum ya huta, da zama a tattauna bayan mutuwa mai tayar da hankali. Wasu asibitocin sun kuma samar da matakan ƙarin girma ga wanda ya zaɓi ya ci gaba da aiki a bakin gado, domin a tsarin da aka saba, hanyar ci gaba ita ce komawa ofis, wanda ke raba sashen da mafi gogewar ma'aikatansa. Horas da sabon ma'aikaci har ya iya riƙe mai tsananin ciwo shi kaɗai yana ɗaukar watanni, kai wa ga gwaninta kuma shekaru, kuma gogaggun da ke sashen su ne ke yin wannan horo.